Kwano nawa ne kilo guda na dafaffen alayyahu?

 

Duk macen da ke shiga madafa ta san halin alayyahu. A cika tukunya da shi har murfi ya ƙi rufuwa, kafin a gama jajjagen tattasai ya zube ya koma gindin tukunya, kamar wani ya zo ya kwashe. In don miyar gida ce babu damuwa, ido ya saba, hannu ya saba. Amma yau da yawa cikinmu da ganye muke juya kuɗin da munka ɗauko daga asusu. Wata kwaɗo take saidawa ƙofar gida, wata dambu take kaiwa bakin lakkol ko tasha, wata kuma dafaffen ganye take kai ma masu gidan abinci. Masu saye da yawa, musamman a birni, da kilo suke magana yanzu. Mu kuwa da kwano da ludayi munka tashi. Tsakanin kwano da kilo nan ne riba take sulalewa, nan ne kuma gardama take tasowa tsakanin mata biyu da sunka daɗe suna zaune lafiya. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu yi lissafin nan tare.

Me ya sa tiya take aiki ga hatsi, ba ta aiki ga ganye?

Tiyar hatsi wajen kilo 2 da rabi ce. Ko a Maradi anka auna ta, ko a Damagaram, ko a Tawa, bambancin ba shi da yawa, don ƙwayar hatsi busassa ce, tana da tauri, ba ta lanƙwashewa. Ki zuba ta yau, ki zuba ta gobe, wuri ɗaya za ta ci.

Ganye ba haka yake ba. In kin cika kwano da ɗanyen alayyahu, mafi yawan abin da ke cikin kwanon iska ce, wadda ke tsakanin ganye da ganye. Shi kanshi ganyen kuma, kashi 9 cikin 10 na nauyinshi ruwa ne. Da zafi ya taɓa shi sai ya yi laushi, ya kwanta bisa juna, iskar ta fita. Wurin da yake ci ya ragu ƙwarai, amma nauyinshi bai ragu haka ba. Abin da ke rage nauyi shi ne ruwan da ya tsiyaye da wanda kinka matse da hannu.

Ke nan abu biyu ne ke canza nauyin kwano guda na dafaffen ganye: yawan ruwan da ya rage cikinshi, da yadda anka danna shi cikin kwanon. Mata uku za su iya cika kwano iri ɗaya da ganyen tukunya ɗaya, a ɗora bisa sikeli a samu nauyi uku. Babu wadda ta yi ha'inci cikinsu. Hannu ne ya bambanta.

Alayyahu biyu ne

Kafin mu shiga lissafi, a gane wannan. Akwai alayyahunmu da munka sani, wanda ke fitowa da damana ko bayan ɗaki, ana kuma shuka shi a garka duk shekara in da ruwa. Shi yana son zafi. Akwai kuma wanda masu Faransanci ke kira epinar, wasu su ce alayyahun Turawa. Shi sanyi yake so, ganyenshi ya fi laushi, ya fi kuma kwanciya in ya dahu. Takardun girki da na horo da ake kawo mana sau da yawa da shi suke magana, mu kuwa namu ne a tukunya.

Ma'aikatar noma ta Amurka tana da babban jadawali na nauyin abinci iri-iri, an auna su da kofinsu wanda ya kusa kwatan litir. Ga abin da ke ciki game da ganyen nan biyu:

Epinar ɗanye, kofi 1: garam 30.
Epinar dafaffe da anka tsame, kofi 1: garam 180.
Alayyahu irin namu ɗanye, kofi 1: garam 28.
Alayyahu irin namu dafaffe da anka tsame, kofi 1: garam 132.

Ku duba da kyau. Kofi ɗaya ne, amma dafaffen epinar ya ninka ɗanyen sau 6 wajen nauyi. Namu kuma ya kusa ninkawa sau 5. To in mutum ya ce miki «kofi biyu na alayyahu» bai faɗa miki ɗanye ko dafaffe ba, ai bai faɗa miki komi ba tukuna.

Tunda mu da litir munka fi sabawa, bari mu maida shi can. Litir 1 na dafaffen alayyahunmu, an tsame ba a matse ba, wajen garam 550 ne. Litir 1 na dafaffen epinar wajen garam 750. Litir 1 na ɗanyen ganye, kowane cikinsu, wajen garam 120 kawai. Wato kilo guda na dafaffen alayyahu ya kusa litir 2, kilo guda na dafaffen epinar kuwa litir 1 ne da kashi ɗaya cikin uku.

Wannan lissafi na kan hanya ne, don ki san inda kinka dosa. Ganyen garkar Jiratawa da na bakin kogi a Yamai ba lallai su zo daidai ba, ganye ɗanye sharaf da wanda ya tsufa ya yi sanda ba ɗaya ba ne, haka wadda ke yankawa ƙanana da wadda ke barinshi manya. Lissafin da za ki dogara gare shi shi ne wanda kinka auna da kwanonki da hannunki. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yadda za ki san nauyin kwanonki

Aikin rana ɗaya ne, amma zai yi miki amfani muddin kwanon nan yana hannunki.

Da farko ki zaɓi kwano ɗaya wanda da shi za ki riƙa awo kullum. Ki yi mishi alama, ko da fenti ko da zare a kunne, kada yara su ɗauke shi su kawo miki wani mai kama da shi.

Na biyu, ki auna kwanon babu komi ciki, ki rubuta nauyinshi. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su haɗa nauyin kwano da na ganye. In sikelin mai batir ne, akwai maɓallin da ke maida lamba sifiri bayan kin ɗora kwanon, sai ki latsa shi kafin ki zuba ganye. In mai allura ne, ki cire nauyin kwanon da lissafi.

Na uku, ki dafa ganyen yadda kinka saba, ki juye shi cikin gwagwa ko kwando, ki bar shi ya tsiyaye har ɗigon ruwa ya tsaya. Ki tsaida ma kanki lokaci, misali minti 10, ki riƙe shi kullum. Ganyen da anka auna da zafinshi yana fitowa daga tukunya ya fi wanda ya huce nauyi, don bai gama zubar da ruwa ba.

Na huɗu, ki cika kwanon, ki shafe bakinshi daidai, ba tozo, ba dannawa da ƙarfi. Ki auna, ki rubuta. Ki juye, ki sake cikawa, ki auna. Ki yi haka har sau uku. Sai ki haɗa lambobin uku ki raba su uku.

Ga misali, don a gane. A ce kwanon da babu komi garam 120 ne. Awon farko ya ba da 690, na biyu 660, na uku 720. In an cire 120 daga kowane, saura 570, da 540, da 600. An haɗa su, 1710. An raba uku, 570. To kwanonki garam 570 yake ɗauka na dafaffen alayyahu da anka tsame. Ki rubuta wannan lamba cikin littafinki.

Daga nan komi ya yi sauƙi. In kina so ki san nauyi, ki ninka yawan kwanoni da wannan lamba: kwano 5 sau 570, garam 2850, wato ya kusa kilo 3. In kuma kilo anka ce miki, ki maida shi garam ki raba da lambar: kilo 8 garam 8000 ne, a raba da 570, kwano 14 ke nan.

Tsamamme, matsattse, curarre

Dafaffen ganye hali uku gare shi, kuma kowane da nauyinshi. Akwai wanda anka tsame kawai, kamar na miya. Akwai wanda anka matse da hannu, kamar na kwaɗo, don kada ƙuli-ƙuli ya jiƙe ya yi ruwa. Akwai kuma wanda anka matse anka cura, kamar yadda masu zogala ke jera shi bisa faranti. In kina saida fiye da hali ɗaya, kowane ki yi mishi nashi awo sau uku, ki rubuta mishi tashi lamba.

Ku ga abin da rashin wannan ke jawowa. Mu koma ga misalinmu na kilo 8. Ƙungiya ta ce kwano 14 za a kai. In wadda anka ba aikin mai ƙarfin hannu ce, tana matsewa tana dannawa har kwano ya ɗauki garam 700, kwano 14 ya zama garam 9800. Ƙungiya ta ba da kusan kilo 2 kyauta ba ta sani ba. In kuma wata ce mai zubawa sako-sako, kwano ya tsaya garam 450, kwano 14 garam 6300 ne. Mai saye ya ɗora bisa sikelinshi ya ga babu kilo 1 da garam 700, ya ce matan nan sun tauye mishi awo. Ta farko ta jawo hasarar kuɗi, ta biyu ta jawo hasarar suna, kuma suna ya fi wuyar maidowa.

Kanwa ma tana da hannu cikin wannan. Ganyen da anka sa ma kanwa yana saurin laushi, yana ƙara kwanciya, sai kwano ya ɗauki fiye da yadda ya saba. Tana kuma rage wasu sinadaran gina jiki da ke cikin ganyen, haka ma daɗewa bisa wuta. In kin saba sa ta, ki yi awonki da ita. In kin daina, ki sake awo.

Busasshen ganye kuwa, irin wanda muke shanyawa don rani, hanyarshi daban ce. Shi ruwa yake sha ya kumbura, nauyinshi ya ƙaru. Kada a ɗauki lambar ɗanye a ɗora mishi. A auna shi busasshe, a dafa, a tsame, a sake aunawa, a rubuta.

In babu sikeli fa?

Ruwa shi ne abokin awonmu, don litir 1 na ruwa kilo 1 ne cif. Ruwan leda da ake saidawa galibi rabin litir ne, an rubuta a jikin ledar, wato garam 500. Da shi za ki yi abu biyu.

Na farko, ki san girman kwanonki. Ki fasa leda ki juye ciki. In leda biyu sunka cika shi daidai baki, litir 1 ne. In leda ɗaya ce, rabin litir. Sai ki koma ga lissafin can na sama: kwanon litir 1 zai ɗauki wajen garam 550 na dafaffen alayyahu, na rabin litir wajen garam 275.

Na biyu, ki haɗa ma'auninki na gida. Ki samu sanda miƙaƙƙiya, ki ɗaura igiya daidai tsakiyarta, ki rataya roba biyu iri ɗaya a bakinta biyu da igiya mai tsawo ɗaya. Ki ɗaga ki gani: in babu komi ciki, sandar ta tsaya daidai? In ta karkata, ki gyara igiyar tsakiya har ta daidaita. Sai ki sa ruwan leda biyu a gefe ɗaya, ki riƙa zuba ganye a ɗayan har sandar ta miƙe. Kilo guda ke nan, ko kusa da shi ƙwarai. Fakitin sukari na kilo 1 da ba a buɗe ba shi ma yana yin wannan aiki.

Amma shawarata ita ce kowace ƙungiya da ke da masu sana'ar abinci ta yi tunanin sayen ƙaramin sikeli nata, ko da daga kuɗin tara ne. A aje shi wurin mace ɗaya amintacciya, a rubuta sunan duk wadda ta ara. Lokaci-lokaci a gwada shi da fakitin sukarin nan, in bai nuna kilo 1 ba a san ya fara ƙarya. Kafin a samu, ana iya roƙon mai shago ko mahauci ya auna miki sau ukun nan. Ki tafi da ganyen cikin kwano mai murfi ko leda mai tsabta, kada ya taɓa farantin sikelin da anka ɗora nama.

Ina riba take?

Ga inda maganar ta shafi akwatin asusu. Mace ta ɗauki bashi, ta shiga sana'ar kwaɗo, kullum kaya na ƙarewa, amma ranar biya ta zo kuɗi ba su cika ba. Sau da yawa ba ciniki ne babu ba. Ba ta san nawa ludayi guda ya tsaya mata ba ne.

Bari mu yi misali, kowace ta sa farashin garinsu a maimakon nawa. A ce kin sayi ganye na sefa 1500, icce na 400, ruwa da gishiri 100, kabu-kabu zuwa kasuwa da dawowa 250. Duka 2250. Kin tsinke, kin zubar da sanda da ruɓaɓɓe, kin wanke, kin dafa, kin matse, kin auna, ya ba ki kilo 4 da rabi. A raba 2250 da 4 da rabi, kilo guda ya tsaya miki sefa 500. In ludayinki garam 100 yake ɗauka, ludayi 10 ne cikin kilo, kowane ya tsaya miki sefa 50, wato dala 10. To in dala 10 kike saida ludayin, wahala kawai kike sha. Ba a ma sa ƙuli-ƙuli da albasa da mai da yaji ba, ba a sa gyara ba, ba a sa wanda yara sunka ci ba.

Gyara al'adarmu ce, ba mai cewa a bari, ita ke riƙe mai saye. Amma ki san nauyinta. In kowane ludayi biyu kina ƙara rabin ludayi, kashi ɗaya cikin biyar na kayanki kyauta yake tafiya. Ki sa shi cikin farashi tun farko.

Wani amfanin kuma, in kina auna ɗanyen da kinka saya da dafaffen da ya fito, bayan ƴan kwanaki za ki gane ganyen wa ya fi auki. Dami mai girma da sanda ta yi ma yawa yana iya fin ƙaramin dami tsada in an dafa. Da damana ganye na araha, da rani yana tsada kuma dami na ƙanƙancewa. In lambobinki na rubuce, ke da kanki za ki ga ranar da ya kamata ki rage ludayi ko ki ƙara kuɗi, ba sai bashi ya taru ba.

In takarda ta ce garam, ke kuma kofi gare ki

Waɗanda ke zuwa horo kan abincin yara da na masu ciki sun san ana ba da takarda mai cewa a sa garam kaza na ganye. Tambayar farko da za ki yi ma mai horon ita ce: ɗanye ko dafaffe? Kofin da ke ɗaukar kwatan litir, wato rabin ruwan leda, yana ɗaukar wajen garam 140 na dafaffen alayyahu. In garam 200 na dafaffe ake so, kofi 1 da rabi ya isa. In kuwa garam 200 na ɗanye ake nufi, ya fi litir 1 da rabi, kusan kofi 7. Kun ga nisan da ke tsakani. Kada ki ji kunyar tambaya, sauran matan da ke zaune su ma ita ce a ransu.

Kafin a karɓi aiki na kilo

In mai gidan abinci, ko masu biki, ko wata ma'aikata sunka ba ƙungiya aikin kawo ganye, sakatariya ta rubuta abubuwan nan gaban kowa, ta karanta da ƙarfi, a amince kafin a ɗora tukunya:

Wane ganye ne, alayyahu, ko zogala, ko rama, ko tafasa?
Ɗanye ko dafaffe?
In dafaffe ne, tsamamme ko matsattse?
Kilo nawa, kuma nawa ne kilo?
Da sikelin wa za a auna, a ina, da wane lokaci?

Ta ƙarshen nan kada a raina ta. Dafaffen ganye yana ci gaba da zubar da ruwa a hanya. Abin da kunka auna a gida da safe, in ya isa ana iya samun ruwa kwance gindin roba, mai saye ya tsiyaye shi ya ce bai cika ba. A auna gaban juna, wakiliyar ƙungiya na tsaye. A kuma kai shi da wuri, don dafaffen ganye ba ya jimirin zafin garinmu, wuni ɗaya yana iya lalata shi. Wadda za ta matse ta wanke hannu da sabulu, robar ta zama mai murfi.

Iyayenmu sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Gaskiya ne, kuma da idon nan sunka ciyar da mu. Sai dai ido naki ne ke kaɗai, ba ki iya ara ma ƴar uwarki shi ranar da ba ki da lafiya, ba ki kuma iya nuna ma mai saye shi in gardama ta tashi. Lamba da ke rubuce cikin littafi kowa na iya dubawa. Tun da anka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, abin da ya riƙe asusun mata shi ne ana ƙirga kuɗi gaban kowa, kowace ta gani da idonta. Haka za mu yi ma ganye.

Ga aikin da nake roƙon kowace ƙungiya ta yi a taro mai zuwa. Mace ɗaya ta zo da dafaffen alayyahu, wata ta aro sikeli, kowace mai sana'a ta zo da kwanonta da ludayinta. Mata uku su cika kwano ɗaya bi da bi, a auna, kowa ya ga bambancin hannu. Sannan a tsaida yadda za a riƙa cikawa, a rubuta lambar kowane kwano a shafin baya na littafin ƙungiya. Waɗanda sunka yi karatun yaƙi da jahilci su kama ma sauran wajen haɗawa da rabawa. In kun gama ku aiko mana da lambobinku da sunan garinku, mu jera su a fitowa ta gaba, mu ga yadda kwanon Madarunfa yake da na Mirriya da na Ƙonni.

Allah ya sa albarka cikin sana'o'inmu, ya ba mu ciniki na halal, ya bar mu tare. Amin.